Ba kowace rawar hannu ce cutar Parkinson ba

Duk wanda ya ga bidiyon buɗe gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 ba zai manta da Muhammad Ali ba: yana tsaye riƙe da wutar gasar a hannun dama, hannun hagu kuwa, wanda babu komai a cikinsa, yana ta rawa ba ƙaƙƙautawa. Shekara 12 ke nan a lokacin da likitoci suka tabbatar masa da cutar Parkinson, tun 1984. Wannan hoto ya zauna a zukatan mutane, har ta kai da zarar an ga hannun mutum yana rawa sai sunan cutar ya faɗo a rai. Kowace ranar 11 ga Afrilu kuma, idan kafafen labarai suka kawo rahoton ranar cutar ta duniya, sai 'ya'ya su shiga kallon hannun Baba ko na Inna da wani ido dabam.

Alƙaluma ba su goyi bayan wannan fargaba ba. Akwai wata larura da ta fi Parkinson yawa nesa ba kusa ba, wadda likitoci ke rubuta wa essential tremor a katin asibiti, a nan kuma za mu kira ta karkarwa mai zaman kanta. Binciken da ya tattaro alƙaluma daga ƙasashe da dama ya nuna tana damun kusan mutum 1 cikin 100, a cikin waɗanda suka kai shekara 65 kuwa kusan 5 cikin 100. Ita cutar Parkinson, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ita sun haura miliyan 8.5 a 2019, wato kamar mutum 1 cikin 1,000 na jama'ar duniya. Saboda haka dattijon da hannunsa ke rawa ya fi kusa da zama mai karkarwa mai zaman kanta. Sai dai "ya fi kusa" ba ganewar asibiti ba ce, kuma larurorin biyu ba magani ɗaya gare su ba, ba kuma makoma ɗaya ba.

Larurorin biyu a taƙaice

Karkarwa mai zaman kanta rawar jiki ce da ba ta zo da wata cuta a bayanta ba. A ma'aunin da ƙungiyar likitocin larurorin motsi ta duniya ta fitar a 2018, ana kiran ta da wannan suna ne idan hannaye biyu suna rawa yayin aiki, abin ya kai aƙalla shekara 3, kuma babu wata alamar ciwon jijiya tare da shi. Tana iya haɗawa da kai da murya. Tana da lokutan farawa biyu da aka fi gani: samartaka, da kuma bayan shekara 60. Kusan rabin masu ita za su gaya maka mahaifinsu, ko kakarsu, ko wani kawunsu ma haka hannunsa yake.

Cutar Parkinson kuwa sunan wani likitan Landan ta ɗauka, James Parkinson, wanda ya yi bayaninta a 1817 bisa mutum 6 da ya lura da su, wasunsu ma a kan titi kawai ya gan su suna tafiya. Bayan shekaru masu yawa likitan Faransa Jean-Martin Charcot ya laƙaba mata sunansa, ya kuma lura da abin da har yau mutane ke mantawa: ba duk mai cutar ne yake rawa ba. Cuta ce ta mutuwar wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, rawar hannu ɗaya ce kawai daga cikin alamunta. Ta fi kama waɗanda suka haura 60, ta fi yawa a maza, amma takan zo da wuri. Ɗan wasan fim Michael J. Fox yana da shekara 29 aka gano masa ita a 1991.

Yaushe hannun yake rawa?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace amfani, kuma ba sai da na'ura ake amsa ta ba.

Mai karkarwa mai zaman kanta, idan ya zauna ya ɗora hannayensa a cinya, yawanci shiru kake gani. Matsalar tana tasowa ne da ya sa hannun aiki. Ya ɗauki kofin shayi, tun kafin ya kai baki shayin ya fara fallatsa. Ya ɗebi kunu da ludayi, rabinsa ya koma kwano. Zura zare a allura, saka mabuɗi a kwaɗo, sa hannu a takardar banki, danna lambobi a waya, duk su ne wuraren da yake shan kunya. Sau da yawa rawar tana ƙaruwa daidai lokacin da hannun ya kusa inda aka nufa da shi, shi ya sa cokali ya fi zubewa a bakin leɓe.

Mai Parkinson akasin haka ne. Hannunsa yana rawa ne sa'ad da ya sake shi, yana zaune ana hira, ko yana tafiya hannun na lilo a gefensa. Da ya miƙa shi zai ɗauki kofin, sai rawar ta lafa ko ta ɗauke ɗif, ya sha shayinsa lafiya, ya ajiye, bayan ɗan lokaci ta dawo. Rawar tana da siffa tata: babban yatsa yana gogar ɗan ali, kamar mai jan carbi alhali babu carbi a hannun. Tana bugawa sau 4 zuwa 6 a daƙiƙa. Ta mai zaman kanta takan fi sauri, tana iya kaiwa 12, amma a wajen tsofaffi takan ragu ta shigo cikin wannan zango, don haka sauri kaɗai ba abin dogaro ba ne ga ido.

Wanda yake zuwa masallaci da dattijon zai iya lura da bambancin ba tare da ya ce masa komai ba. A zaman tahiya, hannaye suna kwance a kan cinya. Idan a nan ne hannu ɗaya yake motsi shi kaɗai, wannan rawar hutu ce. Idan kuwa a tahiya shiru ne, amma da aka ɗaga hannaye ana addu'a sai duka biyun suka kama ɓari nan take, wannan ta fi kama da mai zaman kanta. Akwai wani tarko a nan da ya sha ruɗa likitoci ma. Mai Parkinson shi ma idan ya ɗaga hannu ya riƙe shi a sama, rawar tana iya dawowa, amma ba nan take ba, sai bayan wasu daƙiƙu. Wannan ɗan jinkiri shi ne abin lura.

Sai batun ɓangare. Parkinson kusan kullum daga gefe ɗaya take farawa, hannun dama ko na hagu, wani lokaci da ƙafar gefen, kuma ko bayan ta ƙetara wancan gefen na farko ya kan ci gaba da fin tsanani. Mai zaman kanta hannu biyu take kamawa, ko da ɗaya ya ɗan fi. Wannan farawa daga gefe guda ce take sa wasu iyalai su ce shanyewar ɓarin jiki ce. Shanyewa farat ɗaya take zuwa, cikin mintoci ko sa'o'i. Parkinson lallaɓowa take yi cikin watanni da shekaru, har ba a iya cewa ga ranar da ta fara.

Kai da murya su ma suna ba da haske. Tsohuwar da kanta yake kaɗawa kamar tana cewa "a'a, a'a" ko "i, i", muryarta kuma tana rawa idan ta ja magana, ta fi kusa da mai zaman kanta. A Parkinson da wuya kai gaba ɗaya ya kaɗa. Abin da aka fi gani shi ne haɓa ko leɓe suna motsi a lokacin da bakin yake rufe, murya kuma ba rawa take yi ba, ƙanƙancewa take yi, har a riƙa ce wa mutum ya ɗaga murya.

Nawar motsi, alamar da ta fi rawar nauyi

A ma'aunin da likitoci ke bi tun 2015, ba a cewa mutum yana da Parkinson sai an ga nawar motsi, tare da rawar hutu ko sandarewar gaɓoɓi. Ma'ana, rawa kaɗai, komai tsananinta, ba ta isa hujja ba. Akwai kuma masu cutar, kamar 1 cikin 4 ko 5, da ba sa rawa sam.

Nawar da ake nufi ba irin ta gajiya ko ta tsufa ba ce. Likita zai ce wa mutum ya riƙa haɗa babban yatsa da ɗan ali yana buɗewa, da sauri kuma da faɗi. Mai Parkinson zai fara daidai, kafin ya kai bugu goma sha sai buɗewar ta riƙa ƙanƙancewa, ta yi sanyi, wani lokaci ta tsaya cak. Mai karkarwa mai zaman kanta yatsunsa za su yi ta rawa, amma faɗin buɗewar ba zai ragu ba.

A gida ga yadda abin yake bayyana. Ɓalle maɓallin riga yana cin lokaci. Alwalar da ake yi cikin minti biyu ta zama aiki. Tashi daga tabarma ko juyi a kan gado ya gagara sai da taimako. A tafiya, hannu ɗaya ya daina lilo, taku ya gajarce, ƙafa tana jan ƙasa, baya ya ranƙwafa, idan aka zo juyawa sai an yi ta da ƙananan taku da yawa. Fuska ta daina nuna abin da ke zuciya, ƙiftawar ido ta ragu, har iyali su fara cewa Malam ya canza, ya zama mai fushi ko ba ya kula mutane, alhali tsokar fuskar ce ta yi nauyi.

Rubutu shaida ce mai kyau, domin yana ajiye tarihi. Rubutun mai Parkinson yana farawa daidai a farkon layi, ya yi ta ƙanƙancewa har ƙarshensa ya zama da ƙyar ake karantawa. Na mai zaman kanta manya ne, amma layukan a karkace suke, duk sun yi zigizag. Shi ya sa likita kan ba mutum takarda ya ce ya zana da'ira mai naɗewa daga tsakiya zuwa waje.

Alamun da ba a kai wa likita

Parkinson tana da alamu da ba su shafi motsi ba, wasunsu kan riga rawar zuwa da shekara 10 ko fiye. Akwai raguwar jin ƙamshi da wari. Akwai taurin bayan gida mai daɗewa. Akwai ciwon damuwa. Akwai kuma wadda mata suka fi mazajensu sani: mutum yana barci yana aikata mafarkinsa, yana ihu, yana naushi da shuri, wani lokaci har ya faɗo daga gado. A gidaje da yawa wannan ba a kai shi asibiti, wajen masu ruƙiyya ake nufa da shi, ko a yi shiru don kunya.

Kowace ɗaya daga cikin waɗannan, ita kaɗai, ba ta nufin komai. Taurin bayan gida ya yi yawa a cikin tsofaffi. Amma idan suka haɗu da rawar hutu a gefe ɗaya, nauyinsu a wajen likita babba ne. Mai karkarwa mai zaman kanta yawanci ba ya tare da su.

Abin da ke faruwa a cikin kai

A Parkinson an san inda ɓarnar take. Can cikin tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan yanki mai duhun launi, ƙwayoyinsa ne ke samar da sinadarin dofamin, wanda ke sa motsi ya fara cikin sauƙi ya kuma tafi da faɗinsa. Waɗannan ƙwayoyi ne suke mutuwa, kuma kafin alamun motsi su fito fili kaso mai yawa ya riga ya tafi. Aikin masanin Suwidin Arvid Carlsson a kan dofamin ne ya buɗe hanyar fahimtar haka, aka ba shi kyautar Nobel a 2000.

Me ke kashe ƙwayoyin? Shekaru su ne kan gaba. Gado yana da hannu, amma ba kamar yadda ake zato ba, kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ne kawai suke da wani a dangi mai cutar. A 2023 wani babban bincike da aka yi akasari a kan 'yan Nijeriya, wanda Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas tana cikin jagororinsa, ya gano wani sauyi a ƙwayar gadon GBA1 da ke ƙara haɗarin cutar ga mutanen da asalinsu Afirka ne, sauyin da kusan ba a samun sa a Turawa. Ƙara haɗari yake yi, ba hukunci yake yankewa ba, da yawa daga masu ɗauke da shi ba za su taɓa kamuwa ba. Sai muhalli: bincike da dama sun danganta cutar da daɗewa ana mu'amala da wasu magungunan feshi, musamman parakwat na kashe ciyawa, wanda Tarayyar Turai ta hana tun 2007. Wannan magana ce da ta shafi duk manomin da ke goya tankin feshi ba safar hannu, ba takunkumi.

A karkarwa mai zaman kanta dofamin lafiyarsa ƙalau. Zargi ya fi karkata ga ƙaramar ƙwaƙwalwa ta wajen ƙeya, mai daidaita motsi, da hanyoyin da suka haɗa ta da sauran ƙwaƙwalwa. Gado a nan ya fi ƙarfi: a gidajen da take bin jini, kowane ɗa yana da kusan rabin yiwuwar ɗauka daga mahaifi ko mahaifiya mai ita. Duk da haka har yau ba a kama wata ƙwayar gado guda da za a ce ita ce sanadi ga kowa ba.

Babu ɗaya daga cikin biyun da ake ɗauka ta cin abinci tare, ko gaisawa, ko zaman aure.

Inda likitoci su ma suke tuntuɓe

Kada bayanin da ya gabata ya sa a ɗauka abin a bayyane yake kullum. A 1992 masu bincike a Landan sun duba ƙwaƙwalwar mutum 100 da suka rasu da sunan Parkinson, 76 ne kawai aka tabbatar suna da ita. A 2006 wani bincike a New York ya sake duba mutum 71 da aka ce suna da karkarwa mai zaman kanta, aka tarar kashi 37 cikin 100 ba ita ba ce, da yawansu Parkinson ce, wasu kuma wata larurar murɗewar tsoka. Wannan a ƙasashen da ƙwararru suke da yawa ke nan.

Dalilan kuskuren sanannu ne. Wanda ya shekara 20 ko 30 da mai zaman kanta yana iya fara rawa ko a hutu. Mai Parkinson yana iya samun rawar aiki. Kuma mutum ɗaya yana iya haɗa biyun. Wani bincike na Sifaniya da aka buga a 2009 ya nuna tsofaffi masu karkarwa mai zaman kanta sun fi sauran kamuwa da Parkinson da kusan ninki 4. Ko da hakan, mafi yawansu ba sa kamuwa, domin ninki 4 na ƙaramin abu bai zama babba ba.

A nan ne masana suka rabu. Wani ɓangare, da likitan Amurka Elan Louis a gaba, suna ganin mai zaman kanta ita ma cuta ce ta lalacewar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, suna kafa hujja da raguwar wasu ƙwayoyi da suka gani a ƙaramar ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu da ita. Wasu masu bincike a Kanada da Jamus suka ce su ba su ga wannan raguwa yadda za ta gamsar ba, a ganinsu tangarɗar aiki ce a hanyoyin saƙo. Akwai kuma masu cewa sunan ma rumbu ne da aka zuba larurori daban-daban a ciki. Ba a rufe wannan muhawara ba. Abin da aka daina shi ne kiran ta "marar illa" kamar yadda ake yi a da, domin larurar da ta raba tela da allura, ta raba wanzami da aska, ba za a ce ba ta da illa ba don kawai ba ta kisa.

Game da hoto: hoton ƙwaƙwalwa na MRI ko CT ba ya nuna ko ɗaya daga cikin biyun. Amfaninsa kawar da zargin wasu abubuwa ne, kamar shanyewa ko ƙari. Iyali su san haka kafin su sayar da kadara don hoto suna jiran ya faɗi sunan cutar. Akwai hoto na musamman, DaTscan, da ke auna hanyoyin dofamin, wanda aka amince da shi a Turai a 2000, a Amurka kuma a 2011. Yana fita daidai ga mai zaman kanta, ya nuna giɓi ga mai Parkinson. Yana da tsada, ba ko'ina ake samun sa ba, kuma akasarin marasa lafiya ba sa buƙatar sa. Idon ƙwararren likita da bibiya ta watanni su ne ginshiƙi.

Rawar da ba ta ɗayansu ba

Kafin a kai ga waɗannan sunaye biyu, akwai abubuwa masu sauƙin gyara da ya kamata a fara cirewa. Goro da yawa, shayi mai kauri, kofi da lemukan ƙara kuzari duk suna sa hannu ɓari, suna kuma tsananta wa mai karkarwa. Haka tsoro, rashin barci da faɗuwar sukari. Idan ƙullutun tayirod na maƙogwaro yana aiki fiye da kima, mutum zai yi rawar hannu tare da rama, zufa da bugun zuciya, gwajin jini kuma yana nuna shi.

Magunguna su ne aka fi mantawa. Salbutamol na masu asma, valproate na farfaɗiya da lithium suna kawo rawar aiki. Haloperidol da chlorpromazine na taɓin hankali, da metoclopramide da prochlorperazine da ake sha don amai ko jiri, suna toshe dofamin, su haifar da alamu sak irin na Parkinson, har da nawar motsi. Irin wannan yakan warware bayan likita ya canza maganin, ko da yake yana iya ɗaukar watanni. Mai barin giya ko wasu ƙwayoyin maye shi ma hannunsa kan yi rawa na ɗan lokaci.

Magani: inda kuskuren suna yake cin kuɗi

Ga mai zaman kanta, magunguna biyu ne a sahun gaba, propranolol da primidone. Ba sa warkarwa, rage rawar suke yi, sau da yawa da kamar rabi, kuma ba kowa suke yi wa aiki ba. Propranolol yana da arha, ana samun sa a kantin magani, amma haɗari ne ga mai asma da mai jinkirin bugun zuciya, yana kuma iya ɓoye alamun faɗuwar sukari ga mai ciwon sukari. Wanda rawarsa ba ta hana shi komai ba yana iya zama ba magani. Dabaru ƙanana suna taimakawa: kofi mai nauyi da ba a cika shi ba, riƙewa da hannu biyu, dafa gwiwar hannu a kan tebur. A littattafan likitanci za a ga cewa giya kaɗan tana lafar da wannan rawa ga kusan rabin masu ita, shi ya sa likita kan yi tambayar, ko da mai amsawa zai ji ta banbaraƙwai. Alama ce ta ganewa kawai, ba magani ba, rawar tana dawowa da ƙarfi bayan sa'o'i.

Ga Parkinson, levodopa haɗe da carbidopa shi ne babban magani tun bayan aikin likita George Cotzias a 1967. Jiki yana mayar da shi dofamin. Ya fi yin tasiri a kan nawa da sandarewa, kuma kyakkyawan sauyi bayan fara shi yana ƙarfafa cewa ganewar daidai ce. Mai karkarwa mai zaman kanta da aka ɗora a kansa bisa kuskure zai yi ta sayen magani mai tsada wata bayan wata ba amfani. Mai Parkinson da aka bari a kan propranolol kuwa zai yi asarar shekarun da ya kamata ya yi yana tafiya da ƙafarsa yana sana'arsa.

An daɗe ana saɓani kan lokacin fara levodopa. Wasu likitoci suna jinkirta shi, don bayan shekaru yakan zo da motsin jiki na ba-gaira da kuma ƙarewar aiki kafin lokacin sha na gaba. Wani bincike da aka buga a 2014, wanda ya kwatanta marasa lafiya a Gana, da suka daɗe ba su samu maganin ba, da takwarorinsu na Italiya, ya nuna waɗannan matsaloli sun fi bin daɗewar cutar da yawan abin da ake sha, ba daɗewar shan maganin ba. Wani gwaji a Holan a 2019 shi ma bai ga illar farawa da wuri ba. Ra'ayi ya fi karkata yanzu ga a fara idan alamu sun soma hana harkokin yau da kullum.

Abubuwa uku sun shafi yankinmu kai tsaye. Na farko benzhexol, wanda aka fi sani da Artane ko Exol. Yana da arha, yana rage rawar Parkinson, shi ya sa ake yawan ba da shi. Ga tsoho kuwa yana iya kawo ruɗewa, mantuwa, gane-gane da riƙewar fitsari, har a zaci cutar ce ta ci gaba. Kuma ƙwaya ce da matasa ke sha don maye, ajiyarta a gida sai da lura. Na biyu ƙarara: 'ya'yanta suna ɗauke da levodopa na halitta, an kuma gwada garinsu a binciken asibiti don ƙasashen da maganin ke wuyar samu. Amma ƙarfinsa yana bambanta daga iri zuwa iri da yadda aka sarrafa shi, haɗa shi a gida ba awo kasada ce. Na uku azumi da abinci. Levodopa sau uku ko fiye ake shan sa a yini, ba a kuma dakatar da shi farat ɗaya, yin hakan na iya jefa mutum cikin sandarewa da zazzaɓi mai haɗari. Mai niyyar azumi ya zauna da likitansa tun cikin Sha'aban. Nama, wake da madara suna iya rage shigar maganin jiki ga wasu, shi ya sa ake ba da tazara tsakaninsa da abinci mai nauyi.

Idan magani ya gaza, akwai tiyatar dasa waya mai aika lantarki cikin ƙwaƙwalwa, wadda Amurka ta amince da ita don rawar jiki a 1997, da kuma ƙona ɗan wuri da igiyar sauti ba tare da yanka ba, tun 2016. Duka biyun suna da tsada ƙwarai, cibiyoyi kaɗan ne ke yin su. Motsa jiki a kai a kai kuwa kyauta ne, kuma amfaninsa ga mai Parkinson tabbatacce ne, musamman wajen tafiya da kauce wa faɗuwa.

Kafin a je asibiti

Likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ba su da yawa, akasarinsu suna manyan asibitocin koyarwa irin na Kano, Zariya, Sakkwato da Maiduguri, ko babban asibitin ƙasa na Yamai. Layi yana da tsawo, lokacin ganawa gajere ne, kuma rawa tana da halin ɓuya ko tsananta a gaban likita. Shiri kaɗan yana rage yawan zuwa.

A ɗauki bidiyo da waya, da izinin mai larurar: yana zaune hannaye a cinya, yana shan ruwa da kofi, sannan yana tafiya ya juyo. A zo da tsohon rubutunsa na shekarun baya da na yanzu, ko na boko ko na ajami. A zuba duk magungunan da yake sha a leda a taho da su, har da na kantin magani da na gargajiya. A zo da wanda yake kwana ɗaki ɗaya da shi, don shi ya san abin da ke faruwa cikin dare. A kuma tambayi manya a dangi ko akwai wanda hannunsa ko kansa ya taɓa yin haka.

Wasu alamu ba sa jiran layi: rawa ko raunin gefe ɗaya da ya zo farat ɗaya, karkacewar baki, sarƙewar magana, ko yawan faɗuwa tun a farkon ciwo. Wanda kuma bai kai shekara 40 ba ya fara rawa tare da sauyin magana ko hali, ko ciwon hanta, a nemi a gwada shi don cutar Wilson, wadda sinadarin tagulla ke taruwa a jiki. Ba ta da yawa, amma tana da magani idan an kama ta da wuri.